Sarauniyar da Ba a Saurari Ƙararta Ba

Gahmuret, ɗan sarkin Anju, ya auri sarauniyoyi biyu, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowacce ya tafi ya bar ta da juna biyu. Ta biyun, Herzeloyde, farar mace ce Kirista. Da ya nemi zille mata tun kafin a ɗaura aure, sai ta maka shi gaban alƙali, aka yanke hukunci cewa nata ne. Ta farkon, Belakane, baƙar fata ce, mai sarautar wata ƙasa da ake kira Zazamanc. Ita abin da ta samu wasiƙa ce da ta tsinta a cikin jakarta, bayan jirgin mijin ya yi nisa a teku.

Wannan labari shi ne mabuɗin Parzival, doguwar waƙar da Wolfram von Eschenbach ya tsara da tsohon Jamusanci tsakanin 1200 da 1210. Layukanta sun kusa 25,000, an kasa ta kashi 16, kuma kwafinta na hannu da suka iso zamaninmu, cikakku da gutsattsari, sun haura 80, abin da ke nuna irin karɓuwar da ta yi a fadojin Jamus. Wolfram barde ne daga yankin Franken, a jihar Bavariya ta yau, kuma ƙaramin garin da ake danganta shi da shi ya ɗauki sunansa tun 1917. Mutum ne mai barkwanci da tsokana. A cikin waƙar ya yi iƙirarin cewa ko harafi ɗaya bai sani ba, maganar da masana ke ta kai-kawo a kanta har yau. Ya ɗauko ƙashin bayan labarin daga wani Bafaranshe, Chrétien de Troyes, wanda ya mutu bai kammala nasa ba. Amma Belakane da ɗanta babu su a wurin Bafaranshen. Wolfram ne ya shigo da su, ya kuma sa su a ƙofar gida, inda duk mai shiga sai ya bi ta kansu.

Irin waɗannan waƙoƙi a fada ake rera su, gaban sarakuna da barade da matan manya. Jigonsu biyu ne, yaƙi da soyayya, kuma a ƙa'idarsu ɗaya ke ciyar da ɗaya: barde yana jefa kansa cikin haɗari don hidimar wata mace, ita kuma ta saka masa da ƙaunarta. Masu sauraron Wolfram sun san Gabas ta hanyar takobi. A 1187 Salahuddin Ayyubi ya karɓe Birnin Ƙudus. A 1190 sarkin Jamus Frederick Barbarossa ya nutse a wani kogi a ƙasar Turkiyya ta yau, yana kan hanyar yaƙin Salibiyya. A cikin irin wannan zamani ne mawaƙi ya buɗe waƙarsa da Kiristan da ya tafi Bagadaza neman aikin soja.

Abin da ya fitar da Gahmuret daga gida gado ne. Dokar ƙasarsu ta ba babban ɗa komai, shi kuwa ƙarami ne. Ya yi rantsuwa ba zai yi wa kowa hidima ba sai wanda ya fi kowa iko a bayan ƙasa, aka ce masa wannan mutum shi ne Baruc na Bagadaza, wato halifa, wanda Wolfram ya kwatanta matsayinsa da na Fafaroma. Bayan ya yi suna a can, guguwa ta jefa jirginsa gaɓar Patelamunt, babban birnin Belakane, ya tarar an yi wa birnin ƙawanya.

Dalilin ƙawanyar shi ne shari'ar farko a cikin waƙar. Belakane tana da masoyi, Isenhart, sarkin Azagouc, baƙi kamarta. Ta ja masa rai don ta gwada ƙaunarsa, shi kuma don ya burge ta ya rabar da sulkensa, ya fita fagen fama ƙirji a buɗe, mashi ya huda shi. Danginsa suka ce ita ta sa aka kashe shi. Birnin yana da ƙofofi 16. Takwas mayaƙan Isenhart baƙaƙe suka tsare, takwas kuwa fararen Kiristoci, rundunar wani ɗan uwansa sarkin Sikotilan. Tun a nan za a ga cewa layin dāgā bai bi launin fata ba: baƙi da fari sun haɗa kai a kan baƙar sarauniya saboda jinin ɗan uwa. Tutocin maharan suna ɗauke da hoton barde da mashi a jikinsa. Tutocin da ke kan ganuwa kuma farin alharini ne, an ɗinka siffar mace baƙa a kai, ta ɗaga yatsu biyu na rantsuwa cewa ba ta taɓa shiga baƙin ciki irin na mutuwar Isenhart ba. Ƙara da kariya ke nan, kowanne a rataye bisa sanda. Ba a kira shaida ba, ba a zauna majalisa ba. Takobin baƙo ne ya raba gardama, domin Gahmuret ya kayar da manyan maharan ɗaya bayan ɗaya, aka ba shi sarauniya da ƙasashe biyu.

Yadda Wolfram ya taɓa batun fata a wannan wuri ya cancanci a tsaya a duba. Bai ɓoye ƙyamar ba. Ya ce Gahmuret ya ji zaman ya gundure shi da ya ga kowa a garin baƙi ne kamar dare, kuma da matar mai masaukinsa ta sumbace shi don maraba, bai ji daɗin abin ba. Amma ya juya madubin. Kafin su haɗu, Belakane ce ke tambayar hadiminta ko baƙon yana da asalin da ya kai ta sumbace shi, tana kuma damuwa da cewa launinsa daban ne da nasu. A Patelamunt, farin shi ne bare. Da ta bayyana, kambin kanta jan yakutu ne guda ɗaya, ana hango kanta ta cikinsa. Ta zauna ta ba shi labarin Isenhart tana kuka, mawaƙin ya ce bai san macen da ta fi ta tsarkin zuciya ba, har ya ɗauki hawayenta da kamun kanta a matsayin baftisma. Da dare ta zo masaukinsa, ta durƙusa tana yanka masa abinci da hannunta, har kunya ta kama shi.

Yabo ne mai yawa, amma ni ina jin wani “duk da haka” a ƙarƙashin kowane layi. Tana da kirki duk da ba Kirista ba ce. Ta shiga ran Gahmuret duk da ba ta yi kama da furen wardi ba. Mafi girman abin da mawaƙin ya iya faɗa a kanta shi ne cewa ta yi kama da mutanensa a ciki.

Ba a daɗe ba Gahmuret ya fara ƙosawa. Ya kira matuƙin jirginsa, mutumin Sabiliya, ya gargaɗe shi kada baƙaƙen su ji labari, aka loda zinariya, ya yi layar zana cikin dare. Cikinta mako 12 a lokacin. Wasiƙar da Faransanci ya rubuta ta, harshen da ta iya. A ciki ya amsa cewa tafiyar ɓarawo ya yi. Ya jero asalin kakanninsa don ɗan da za a haifa ya san tsatsonsa, sannan ya ce da addininsu ɗaya da bai rabu da ita ba, kuma in ta yarda aka yi mata baftisma tana iya samunsa. Belakane ta karanta, ta ce ai wannan mai sauƙi ne, da zai dawo da nan take ta yi. Wato bai taɓa tambayarta ba. Ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta, sannan ya jingina laifin ga addini.

Mai karatu Bahaushe zai iya tuno Bayajidda, wani jarumin da aka danganta da Bagadaza, wanda shi ma ya bar mace da ciki a Garun Gabas ya wuce Daura ya auri sarauniya. Labaran biyu ba su haɗa hanya ba, sai dai kamar da ke tsakanin halayen mazan.

A kashi na biyu ne Wolfram ya tona asirin jaruminsa. Gahmuret ya isa Kanvoleis, inda Herzeloyde ta sa gasar barade, ta ce wanda ya yi fice zai same ta da ƙasashenta biyu. Ya yi fice, sannan ya fara kame-kame. Ya ce yana da mata da yake so fiye da ransa. Herzeloyde ta ce ya rabu da baƙar, albarkar baftisma ta fi ƙarfi. Ya ce sarauniyar Faransa ma tana da haƙƙi a kansa. Ya ce ai ba a yi ainihin gasar ba, share fage kawai aka yi. Sai aka kira alƙali, ya saurari kowa, ya yanke cewa duk barden da ya ɗaura kwalkwali ya shiga fili ya kuma yi nasara, sarauniya ta same shi. An yi shari'a cikakkiya, da mai ƙara da wanda ake ƙara da hukunci, a kan mutumin da ke da aure. Auren Zazamanc bai shiga lissafin alƙalin ba ko kaɗan.

A nan ne kuma Gahmuret ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ya ce jahilai suna zaton baƙinta ne ya kore shi, alhali shi yana ganin baƙin nan kamar hasken rana. Abin da ya kore shi shi ne ta hana shi fita yaƙi. Har ya gindaya wa amaryar sharaɗi cewa ta bar shi ya riƙa zuwa gasa kowane wata, in ba haka ba, bai manta tsohuwar dabarar da ya gudu wa matarsa da ita ba. Dalili uku ke nan a gabanmu: launi, wanda ya musanta, addini, wanda ya rubuta a takarda, da ƙishirwar yaƙi, wadda ya furta da ya ga ba mai kama shi. Na yarda da shi cewa na ukun ne ya motsa shi. Amma na biyun ne ya ba shi damar tafiya ba tare da an tuhume shi ba, kuma ya san haka shi ya sa ya rubuta shi.

Ƙarshensa bai yi nisa ba. Ya koma taimakon Baruc, wani ya fasa kwalbar jinin bunsuru a kan kwalkwalinsa na daiman, ya yi laushi, mashi ya shige. Halifan ya binne shi a Bagadaza cikin alfarma, har da gicciye na zumurrudu a kan kabarin.

Ɗan da Belakane ta haifa, Feirefiz, ya zo da fata dabbare-dabbare, baƙi da fari, har gashin kansa. Uwar ta yi ta sumbatar wuraren fararen. Wolfram ya kwatanta shi da wani tsuntsun Turai dangin hankaka mai launi biyu. Da wannan tsuntsu ya buɗe waƙar baki ɗaya, inda ya ce mutumin da shakka ta shiga zuciyarsa yana da rabo a aljanna yana da rabo a wuta, ya ba wuta baƙi, ya ba aljanna fari. Ba yadda za a wanke wannan: launin da ya ba wuta shi ne launin Belakane. Sai dai abin da ya yi da misalin daga baya ya rikita lissafin. Mai dabbare-dabbaren zuciya a waƙar shi ne Parzival, farin ɗan Herzeloyde, kyakkyawan da babu kamarsa, wanda ya kashe ɗan uwansa Ither don kwaɗayin sulke, ya kasa yi wa kawunsa mara lafiya tambayar tausayi, ya yi shekaru yana fushi da Ubangiji. Ranar da Cundrie, 'yar saƙon dutse mai albarka da ake kira Giral, ta zo fadar Sarki Arthur ta tsine masa a bainar jama'a, da Feirefiz ta yi masa gori, ta ce ga wansa can a Gabas bai taɓa zubar da mutunci ba.

'Yan uwan sun haɗu a kashi na 15, a bakin daji, kowa fuskarsa a rufe da ƙarfe, ba wanda ya san wani. Feirefiz ya bar rundunoni 25 a gaɓar teku, waɗanda ba mai jin harshen wata, ya fito shi kaɗai. Suka gwabza har Parzival, wanda ba a taɓa kayarwa ba, ya kai gwiwa ƙasa. Da ya yunƙura ya kai sara a kan kwalkwalin baƙon, takobin ya karye. Takobin Ither ne, wanda ya kwance daga jikin gawa, kuma mawaƙin ya ce Allah ne ya ƙi ya ci gaba da yi masa aiki. Feirefiz ya miƙe da nasa takobin a hannu, gabansa mutum ba makami. Ya ce babu abin yabo a kashe irin wannan, su zauna su huta. Shi ya fara faɗin sunansa, abin da barade ke ɗauka alamar miƙa wuya, sannan ya yi jifa da takobinsa cikin daji don kada wani ya fi wani. Parzival ya ce an gaya masa yana da wa mai fata kamar takardar da aka yi wa rubutu. Baƙon ya cire kwalkwali.

A duk waƙar ban ga inda aka yi adalci tsantsa kamar wannan wuri ba, kuma wanda ba a yi wa baftisma ba ne ya yi shi. Feirefiz ya roƙi ƙanensa ya daina yi masa maganar girmamawa irin ta manya, su yi ta 'yan uwa. Parzival ya ƙi, ya ce wansa ya girme shi ya kuma fi shi arziki. Sannan Feirefiz ya faɗi abin da ya kawo shi Yamma: neman ubansa. Ya ce bai yafe maraicin da aka jefa shi ciki ba, kuma uwarsa ta mutu ne saboda begen mutumin. Wannan ita ce kaɗai ƙarar da aka taɓa shigarwa a madadin Belakane, kuma ta zo bayan wanda ake ƙara ya daɗe a kabari. Da aka gaya masa uban ya rasu, sai ya fashe da kuka, maganar ta mutu a nan.

Fadar Arthur ta karɓe shi hannu bibbiyu, aka ba shi kujera a cikin barade, mata suna ta kallonsa. Launinsa bai hana shi komai ba. Inda aka tsayar da shi shi ne fadar Giral, wato dutsen nan mai albarka da ke ciyar da masu tsaronsa. Ana ta cika akussa da kofuna a gabansa, shi kuwa ba ya ganin inda abincin ke fitowa, sai kyakkyawar da ke ɗauke da dutsen, Repanse de Schoye. Aka ce masa sai da baftisma. Ya tambaya ko da faɗa ake samunta, don in haka ne a kai shi fili. Ya ce duk Ubangijin da yarinyar nan ke bauta wa, shi ma ya bi. Wolfram ya rubuta wurin da raha, kamar yana ƙyafta wa masu sauraro ido. Amma a cikin rahar an sa Feirefiz ya rabu da Secundille, sarauniyar Indiya da ta ba shi ƙasa da dukiya. Ba a jima ba labari ya zo cewa ta mutu, amarya Repanse ta ji daɗin tafiya Gabas. Ɗan Belakane ya maimaita abin da aka yi wa uwarsa, da hujja iri ɗaya. Ɗan Feirefiz da Repanse shi ne Yahaya Firist, sarkin Kiristan Gabas da Turawa suka yi ƙarnoni suna nema, daga baya suka ce a Habasha yake.

Ko za a kira wannan wariyar launin fata? Masana sun rabu. Wasu na cewa iyakar da ke aiki a nan ta addini ce, tunda ruwan baftisma yana buɗe kowace ƙofa. Geraldine Heng, a littafin da ta fitar a 2018 kan yadda Turai ta wancan zamani ta ƙirƙiro rarrabe jinsin mutane, ta nuna cewa addini da fata da jini sun riga sun cakuɗe tun lokacin. Ina ganin waƙar ta fi goyon bayanta. Belakane ta yarda da baftisma amma ba wanda ya koma ya yi mata. Ɗanta, mai rabin fari, shi aka shigar, sannan aka mayar da shi Gabas. A 1215, 'yan shekaru bayan waƙar, babban taron coci a Roma ya umarci Yahudawa da Musulmi da ke ƙasashen Kirista su sa tufafin da za a bambanta su, kuma dalilin da aka bayar shi ne hana cuɗanyar maza da mata. Amma a Jamus ne kuma, wajen 1240, aka sassaƙa mutum-mutumin waliyyi Maurice a babban cocin Magdeburg da siffar Ba'afirke sosai, cikin sulken barde, yana nan har yau. Zamani ne da bai gama yanke shawara ba.

Dole a faɗi cewa Wolfram bai san Musulunci ba. Mutanen Gabas a wurinsa arna ne, ya ɗora wa Feirefiz bautar Jupiter da Juno, gumakan tsohuwar Roma. Abin mamaki, mutumin da ya yi wannan kwaɓa shi ne ya sa Cundrie ta jero taurari bakwai da sunayen da ya aro daga Larabci, ya kuma ce asalin labarin Giral a wani rubutun Larabci aka tsince shi a Toledo. Ya girmama ilmin mutanen, ya jahilci imaninsu.

A waƙarsa ta gaba, Willehalm, wadda ya tsara bayan 1210 daga wani labarin Faransanci da ubangidansa Hermann na Thuringia ya samo masa, ya ba mace irin Belakane bakin magana. Gyburc 'yar sarkin Musulmi ce, ta bar miji da ɗa ta bi jarumin waƙar, Willehalm, ta karɓi addininsa, abin da ya jawo yaƙi biyu a filin Alischanz. Kafin na biyun ta miƙe a majalisar yaƙi ta roƙi sarakunan Kirista su tausaya wa abokan gaba in sun yi nasara, domin su ma halittar hannun Allah ne. Ta tuna musu cewa Adamu da Nuhu da Ayuba ba a yi musu baftisma ba, kuma kowane jariri haka yake zuwa duniya. Ba wanda ya ba ta amsa. Aka tashi aka tafi yaƙi. Mawaƙin da kansa daga baya ya ce babban zunubi ne a yanka mutanen da ba su taɓa jin labarin baftisma ba kamar dabbobi. Ya kuma nuna jaruminsa yana aikata abin kunya: Arofel, sarkin Farisa, yana kwance ƙafa a guntule, ya yi tayin fansar kansa da giwaye 30 ɗauke da zinariya, Willehalm ya kashe shi don ramuwar ɗan 'yar uwarsa, ya kwashe kayan jikinsa.

A wannan waƙa akwai Rennewart, ƙanen Gyburc, wanda aka sace yana yaro aka sayar, ya tashi yana aikin madafa a fadar Faransa saboda ya ƙi baftisma. Yana son Alyze, 'yar sarki, ita ma tana son sa. Shi ya ci wa Kiristoci yaƙin da ƙaton gungumensa, ya kashe ɗan ubansa a ciki, sannan aka neme shi aka rasa. Willehalm ya saki wani sarki da aka kama, Matribleiz, ya ba shi gawarwakin sarakunan da suka faɗi don a binne su bisa addininsu, kuma a nan waƙar ta yanke, ba a san makomar Rennewart ba. Wajen tsakiyar ƙarni na 13 wani mawaƙi, Ulrich von Türheim, ya ɗora mata ci gaba mai layuka fiye da 36,000. Ya nemo Rennewart, ya yi masa baftisma, sannan ya aura masa 'yar sarkin.